FILIN SHAWARA: Naƙasasshe mai karɓar tallafi, in ya tara ɗan abu, ya faɗa ko ya ɓoye?

 

Ran 3 ga watan Disamba na kowace shekara, duniya take tunawa da naƙasassu: makafi, guragu, kurame, kutare da sauran masu lalura. Saboda haka a wannan wata za mu duba wata tambaya da ta shafe su. Tambaya ce da ake yi ƙasa-ƙasa a Kanan-Bakashe da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, haka ma a sauran garuruwan Mayahi da Tasawa.

Ga yadda take. A ce makaho ne, ko gurgu. An rubuta gidansa cikin gidajen marasa ƙarfi. Matarsa tana karɓar kuɗin tallafi. Ba su cinye duka ba. Sun sayi akuya, akuya ta haihu. Matar ta shiga adashe, ta kwashi rabonta. Yau ga awaki biyar a turke, ga ƴan kuɗi ƙulle a bakin zane. Sai aka ji masu rubutu za su sake zagayowa gida-gida. To, ya faɗa musu abin da ya tara? Ko ya kora awakin gidan ƙanensa har su wuce?

Amsarmu ita ce: ya faɗa. Amma ba za mu tsaya nan ba. Za mu kawo dalili, kuma mu nuna yadda ake faɗar gaskiya ba tare da mutum ya cuci kansa ba.

TAIMAKO IRI BIYU NE

Da farko a rarrabe abu biyu da mutane suke cuɗawa.

Akwai hakkin da mutum yake da shi saboda naƙasarsa. Ƙasarmu ta yi doka a kan kare naƙasassu ran 2 ga watan Maris na 1993. A cikinta aka ce duk ma'aikatar da ke da ma'aikata 20 ko fiye, ta ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan hakkin naƙasassu. A watan Disamba na 2019 aka sake yin wata doka domin a shigar da su cikin harkokin ƙasa, wajen karatu da magani da aiki. Makaho mai awaki 20 makaho ne. Awakinsa ba su buɗe masa ido ba.

Akwai kuma tallafin da ake ba gida saboda talauci. Wannan shi ne mai mizani. Ba a kan naƙasa kaɗai ake ba da shi ba. Ana duba ƙarfin gida. Wanda ya fi rauni shi ake sa wa gaba. A kan wannan na biyu tambayarmu take.

YADDA TALLAFIN KUƊI YA ZO MANA

Manya suna tune da yunwar 2005, yadda ta yi wa jihar Maraɗi. Bayan ta ne aka soma gwada ba mutane kuɗi a hannu maimakon hatsi kaɗai.

A 2008 ƙungiyar Save the Children ta yi irin wannan gwaji a gundumar Tasawa. Gidaje 1,500 suka samu jika 60 kowanne, an raba sau uku, jika 20 kowane karo, a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. An zaɓi gidaje mafi talauci, an kuma kula da gidajen da ke da matan da mazansu suka rasu da kuma naƙasassu.

A 2011 gwamnati, tare da Bankin Duniya, ta kafa babban shirin tallafi a jihohi biyar: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Tilaberi. Gidan da aka zaɓa ya riƙa samun jika 10 a wata har wata 24. Mace ce take karɓa da sunan gida. A 2019 aka shiga kashi na biyu mai suna Wadata Talaka, aka ɗaga kuɗin zuwa jika 15 a wata.

Yaya ake zaɓe? Hanya biyu aka fi bi. Ta farko, masu rubutu su bi gida-gida da tambayoyi. Mutum nawa ke ci a tukunya guda? Ɗakin na laka ne ko na kara? Rufin fa? Akwai shanu, tumaki, awaki, jaki? Akwai amalanke, rediyo, salula, moto? Sai a haɗa amsoshin a fitar da lissafi, a jera gidaje daga mafi rauni zuwa mai dama-dama. Ta biyu, a tara mutanen gari a kafa kwamiti. Su kasa gidaje kashi huɗu: talakawa tilis, talakawa, matsakaita da masu hali. Daga baya a karanta sunaye a bainar jama'a.

Kun ga ke nan, a wurinmu mizanin ba littafin banki ba ne. Bankin manomi turkensa ne da rumbunsa. Shi ya sa ake tambayar bisashe.

YADDA AKE YI A WASU ƘASASHE

Wannan damuwa ba tamu ba ce mu kaɗai. A ƙasashen Turawa ma naƙasassu suna fama da ita, sai dai su an yanka musu iyaka da lamba.

A Ingila, mai karɓar tallafin marasa ƙarfi, in ajiyarsa ta wuce fam 6,000, wato sama da miliyan 4 na kuɗinmu, sai a soma rage masa abin da ake ba shi. In ta wuce fam 16,000, wajen miliyan 12 ke nan, sai a tsayar. Dole ne shi da kansa ya sanar da ofishi in ajiyar ta ƙaru. In bai sanar ba aka gano, zai mayar da rarar da ya karɓa, wani lokaci har da tara. In kuma ya kyautar da kuɗin ga dangi da gangan domin ya koma ƙasan iyaka, ana lissafa masa kamar suna hannunsa. Amma akwai wani kuɗi dabam da ake ba mutum saboda naƙasarsa. Wannan ba ruwansa da ajiya.

A Amurka, iyakar dala 2,000 ce ga mutum guda, 3,000 ga mata da miji. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Dala 2,000 ta ɗara miliyan guda na kuɗinmu. Ba a lissafa gidan da mutum yake zaune a ciki, da mota guda. Tun 1989 ba a ɗaga wannan iyaka ba, alhali kaya sun yi tsada. Naƙasassu suka yi ta kuka cewa an hana su tanadi, an ɗaure su cikin talauci. A 2014 aka yi dokar da ta ba su damar buɗe wani asusu na musamman, su tara a ciki ba tare da tallafinsu ya yanke ba.

Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, ko'ina a duniya ana neman mai karɓar tallafi ya faɗi abin da ya mallaka. Na biyu, in ƙa'ida ta matse wa mutane, ana iya gyara ta. Da magana a fili aka gyara ta Amurka, ba da ɓoyo ba.

Mu ma mun san iyaka irin wannan tun kaka da kakanni. Ku dubi nisabin zakka. Awaki da tumaki sai sun kai 40. Shanu sai sun kai 30. Raƙuma 5. Ba wanda yake zuwa da tsakar dare ya ƙirga garken mutum. Shi ne yake ƙirgawa ya fitar. In ya rarraba garken domin gudun zakka, ya san abin da ya yi, jama'a ma sun sani.

TANADI BA LAIFI BA NE

Wasu suna tsammanin in aka ga sun tara, za a ce sun ci amanar shiri. Ba haka ba ne. Malaman shirin gwamnati da kansu suka riƙa ƙarfafa mata su shiga adashe. A wasu ƙauyuka har aka koyar da sana'a, aka kafa asusu, aka ba wasu mata jika 80 a dunƙule domin jari. Masu bincike sun koma ƙauyukan Tawa da Tilaberi inda aka yi gwajin farko, wata 18 bayan an daina biya. Sun tarar gidajen da suka karɓa sun ƙara bisashe, kuma matansu sun fi shiga adashe. An ƙirga wannan a matsayin nasara.

Kada mu manta, asusun Mata Masu Dubara a jiharmu ta Maraɗi aka haife shi, a 1991, tare da ƙungiyar CARE. Daga nan ya bazu ƙasashe da yawa. To, yaya za mu ji kunyar abin da duniya ta koya daga wurinmu?

An ba da tallafi ne domin gida ya miƙe. Gidan da ya mayar da jika 10 akuya, ya yi abin da ake so. Naƙasasshe ma ya fi kowa bukatar tanadi. Mai lafiya in damana ta ƙi, sai ya tafi cin rani Maraɗi ko Kano ko Agadas. Gurgu ina za shi? Akuyarsa ita ce cin raninsa.

ABIN DA ƁOYO YAKE JAWOWA

Mun san dalilin ɓoyo. Tsoro ne. Mutum ya ɗanɗana yunwa, ba ya son komawa. Masu bincike na cibiyar LASDEL ta Yamai sun yi rubutu a 2014 a kan rabon kuɗi a ƙauyukan ƙasarmu. Sun nuna yadda zargi yake yawa tsakanin jama'a a kan wa aka rubuta da wa aka bari. Ɓoyo yana cikin abin da ke hura wannan wuta.

Ku duba abin da yake haifarwa.

Na farko, yana tauye wani. Kuɗin shiri ƙidayayye ne, sunaye ma ƙidayayyu ne. In gari ya samu gurbi 40, na 41 ba shi da rabo. Wanda ya ɓoye shanu biyu ya shiga, to ya ture wani. Sau da yawa wanda aka ture shi ne wanda ba shi da bakin magana: tsohuwa makauniya, ko kurman da bai ji shelar taro ba.

Na biyu, ba ya ɓoyuwa. A ƙauye kowa ya san akuyar kowa. Yaran da ke kiwo sun sani. Dillalin kasuwa ya sani. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da aka yi saɓani da maƙwabci, ranar za a fasa ƙwai a gaban kwamiti. Sai a cire sunan mutum, mutuncinsa ya zube. Kuma ana tattara bayanan gidaje cikin rajista guda wadda shiri dabam-dabam suke iya dubawa. Amsar da ka bayar bana tana iya bin ka baɗi.

Na uku, dukiyar da aka ɓoye takan salwanta. Ka kai tumaki gidan wani, ka ce a gaban jama'a ba naka ba ne. In ya rasu, magada suka raba, wa zai tsaya maka shaida? Kai da bakinka ka ce ba ka da su. Kuɗin da aka binne a ɗaki, gara tana ci, gobara tana ci, ɓarawo yana ɗauka. Makaho da ya ba wani ajiya a asirce, ba shaida ba takarda, ya sa kansa a hannun mutum guda.

Na huɗu, yana ɓata sunan sauran naƙasassu. Mutum guda ya yi, sai a ce haka suke duka. Gobe in mai gaskiya ya zo, sai a dube shi da ido guda.

FAƊI GASKIYA, AMMA FAƊE TA DUKA

A nan ne mutane da yawa suke cutar kansu. Akwai mai ɓoye abin da yake da shi. Akwai kuma mai yin shiru a kan nauyin da ke kansa, saboda kunya. Duka biyun ba su ba da cikakken bayani ba.

Ba duk abin da ke turkenka ne naka ba. Akwai akuyar da aka ba ka kiwo. Akwai saniyar habbanaye, wadda makiyayi yake ba ɗan uwansa aro har ta haihu, sannan ya mayar da uwar. Akwai tunkiyar ɗiyarka da aka aurar, ba ta ɗauka ba tukuna. In mai rubutu ya ƙirga, ka bayyana masa: wannan tawa ce, wannan amana ce, ga sunan mai ita.

Haka kuɗi. Matar da take riƙe da akwatin asusu, kuɗin da ke ciki na ƙungiya ne. Wadda ta kwashi adashe, akwai zubin da ya rage a kanta. A faɗi wannan.

Sannan bashi. In ka ci hatsin ɗan kasuwa da damana za ka biya da kaka, faɗa. In gonarka tana jingina, faɗa. In ka ɗauki tiya 20 a bankin cimaka, faɗa.

Sai kuma abin da naƙasa take ci. Keken gurgu yana son taya da gyara. Makaho yana ciyar da ɗan jagora. Mai farfaɗiya yana sayen magani kowane wata. Wanda ba ya iya noma yana biyan ƴan ƙwadago, ko ya ba da gonar a raba amfani. Zuwa asibitin Mayahi ko na Tasawa, kuɗin mota na mutum biyu ne, da shi da mai rakiya. Gida biyu suna iya zama da awaki biyar-biyar, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. In ba ka faɗa ba, takarda ba za ta sani ba.

ABIN DA ZA A YI

1. Tun ranar da aka rubuta sunanka, ka tambayi ƙa'ida. Wata nawa za a biya? Me ke sa a cire mutum? In hali ya canza, wa ake gaya wa? Kowane shiri da ƙa'idarsa. Kada ka dogara da jita-jitar bakin kasuwa.

2. Ka riƙe ɗan littafi. Kai da ka yi yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninsa. Rubuta ranar da aka karɓi kuɗi da nawa ne. Rubuta abin da aka saya. Rubuta haihuwar bisashe da mutuwarsu da sayarwa. In ba ka gani, ko hannu ba ya riƙe alƙalami, ɗanka na lakwal ko malamin yaƙi da jahilci ya rubuta, ya karanta maka.

3. In wani babban abu ya shigo, kamar gado, ko kuɗi mai kauri daga ɗa da ke Libiya ko Najeriya, kada ka jira a zo a tambaye ka. Je wurin malamin shiri ko kwamitin gari ka faɗa. Ka tafi da shaida guda. Ka nemi a rubuta ranar da ka zo.

4. In ka riga ka ɓoye a baya, ƙofa ba ta rufe ba. Gara ka je da ƙafarka da a kirawo ka. Wanda ya gyara maganarsa da kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba.

5. Kada ka yarda a ajiye dukiyar wani a gidanka domin a ruɗi masu rubutu. Kada kuma ka ba kowa ko dala domin a sa sunanka. Rubuta suna ba na sayarwa ba ne.

6. In aka cire ka, ko aka tsallake ka, kana ganin ba daidai ba ne, akwai kwamitin karɓar koke-koke. In bai biya ba, sai maigari, sai ofishin magajin gari, sai ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ta gunduma. Akwai kuma tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu ta ƙasa. Tafiya cikin ƙungiya ta fi tafiyar mutum guda.

KIRA GA MASU RIƘE DA ALƘALAMI

Nauyin ba a kan mai karɓa kaɗai yake ba. Mutane suna ɓoyo ne inda ba a bayyana musu ƙa'ida ba. Saboda haka muna kira ga masu gari da ƴan kwamiti da malaman shiri.

A faɗi ƙa'ida da Hausa da Fulatanci da Tamajak, a fili, kafin a soma rubutu. A aika wa kurma wanda zai yi masa nuni. A je gidan gurgun da bai iya zuwa dandali ba. A kai saƙo har rugage, kada a tsaya cikin gari.

A tambayi makaho da kansa, kada a tambayi ɗan jagora a kansa yana zaune.

A bambanta mai tanadi da mai hali. Matar da ta matse cikinta ta sayi awaki uku ba ta zama mai arziki ba. Fari guda ya isa ya share su, kamar yadda aka gani a 2005 da 2010. In aka hukunta mai tanadi, to an koya wa gari cinye duk abin da ya shigo.

Kuma a riƙe sirri. Abin da mutum ya faɗa wa mai rubutu a cikin gidansa kada ya zama hirar majalisa. In aka tona asirin mai gaskiya sau ɗaya, gobe ba wanda zai sake buɗe baki.

Shi kuma wanda Allah ya buɗa masa da gaske, har ya san ya fi maƙwabtansa ƙarfi, in wa'adinsa ya cika ya matsa wa na baya. Ba kora ba ce. Ya ci moriyar abin da aka yi dominsa. Hakkinsa na naƙasasshe yana nan, ba wanda ya taɓa shi.

Jama'a, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba. Ku karanta wa makafin garinku musamman, domin maganar tasu ce. Wanda yake da tambaya ya ba malamin yaƙi da jahilci na garinsu ya aiko mana.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.